Kujerar Innar Yara

Masu cewa gemu ba ya hana ilimi ba su taɓa zama benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansu ba. Kafinta ya zauna, ya kuma ji a jikinsa.

Shekara talatin da huɗu yana riƙe da zarto. Da wuya ka shiga gida a layinsu ba ka tarar da gadonsa ko kujerarsa ba. Sai zamani ya zo da nasa salon: mai saye ya shigo shago da hoto a waya, ya ce a zana masa a takarda tukuna ya gani. Shi kuwa Kafinta zanensa a ka yake, ba ya sauka kan takarda. Da babbar 'yarsa ta ga masu saye suna juyawa, sai ta cike masa takardu, ta matsa masa har ya shiga kwas ɗin wata shida na zanen kayan ɗaki a makarantar koyon sana'a da ke bayan tashar mota. Su goma sha huɗu ne a ajin, sauran sha ukun duk ya haife su. Baba Kafinta suke ce masa.

Ajin dogon ɗaki ne a bene na biyu, da tebura masu faɗi da fanka uku, ɗaya ba ta juyawa. Malamarsu 'yar ƙaramar mace ce mai ƙaramar murya, ba ta maimaita magana. Tana da doka guda da ba ta ɗagawa. Kowace Laraba, ɗalibi zai kawo aikinsa tun yana ɗanye, babu gam, babu ƙusa, babu fenti, ya ajiye a tsakar aji. Sai ya koma kan wani ɗan benci a gefe, ya kama bakinsa, 'yan uwansa su taɓa, su gwada, su faɗi abin da suka gani, shi kuma yana rubutawa. Ba ya kare kansa, ba ya ba da hujja. In an gama ya yi godiya. Ɗalibai sun sa wa Larabar suna ranar wanka, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wannan doka ita ce ƙayar da ta tsaya wa Kafinta a wuya. Maigidan da ya koya masa aiki, Allah ya jiƙansa, ko matarsa ba ya bari ta leƙa aiki kafin a shafa banish. Yakan ce tsiraicin kafinta ɗanyen aikinsa. Da wannan Kafinta ya tashi, da ita ya yi furfura. Saboda haka Laraba uku yana zillewa. Ta farko ya ce ciwon kai, ta biyu ya ce an kawo masa katako, ta uku bai ma nemi abin faɗa ba.

Sai Malama ta ba da babban aiki: kowa ya yi abin zama domin wani na gidansu wanda jikinsa ke da larura. Kafinta bai yi dogon tunani ba. Matarsa, Innar yara, shekara uku ke nan gwiwoyinta suna ba ta wahala, kullum tana bakin gado a zaune. Ya ce a ransa zai yi mata kujerar da ko matar mai kuɗi ba ta da irinta.

Malama ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, "Baba, Laraba ta sama taka ce. In ba ka kawo ba, ba zan sa hannu a takardarka ba."

Ya ce, "Zan kawo."

Ya kuwa kawo. Kwana tara ya yi a kanta, da katakon da ya daɗe yana ɓoyo. Ɗalibai biyu ne suka taya shi hawa bene da ita, lulluɓe da tsohon zanin gado. Da ya yaye zanin, ajin ya ɗauki "kai!" gaba ɗaya. Kujera ce ja-ja-wur, tana ƙyalli kamar an fito da ita daga ruwa. Mazauninta ya kwanta baya, an cika shi da soso mai taushi, hannuwanta sun lanƙwaso ƙasa kamar wuyan agwagwa.

Malama ba ta ce kai ba. Ta zagaya ta sau ɗaya, ta sa farce a mahaɗar ƙafa.

"Baba, wannan ai an gama ta."

"To laifi ne mutum ya gama aikinsa?"

"An sa gam?"

"Gam da turakun katako. Jikanki ma zai zauna a kanta."

Ta nuna masa ɗan bencin. Ya je ya zauna yana gyara hula, littafin a rufe kan cinyarsa, don bai ga abin da za a rubuta ba.

Dogo ne ya fara, wani saurayi da ba a raba shi da barkwanci. Ya faɗa cikin kujerar ya miƙe ƙafafu ya lumshe ido.

"Baba, in ka ba ni wannan na fasa neman aure. A nan zan tare."

Aka yi dariya. Wani ya yaba mahaɗa, wata ta yaba launi. Kan Kafinta ya fara girma har hular ta so ta yi masa kaɗan.

Sai wata siririyar yarinya ta taso daga bayan aji. 'Yar Kaka ake ce mata, don a hannun kakarta ta tashi, yanzu kuma ita ke jinyar tsohuwar. Aikinta kullum kwali ne da salatif, a karkace, Kafinta ko kallo bai taɓa ba shi ba. Ta zauna a kujerar a hankali, ta ce, "Yanzu na zama Inna. Gwiwoyina ba sa ɗaukar nauyi, da hannu zan tashi."

Ta ja ƙafafunta baya don ta sami abin takawa, sai dugaduganta suka bugi katakon da ya gitta ta gaba. Ta dafa hannuwan kujerar, tafinta ya zame a kan banish, ya bi lanƙwasar ya sauka. Ta yunƙura, soso ya mayar da ita. Ta sake, ta sake. Dariyar da ta rage a ajin ta janye, sai ƙarar fanka.

Ta ce, "Baba, kujerar nan tana karɓa, amma ba ta bayarwa. Kakata in ta shiga nan sai an kira mutum biyu. Ina so in yi tambaya, ko ka taɓa..."

"Ke!"

Bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Tun uwarki ba ta san hanyar makaranta ba nake yin kujera. Ke da ko ƙusa ba ki iya bugawa a miƙe ba, mai aikin kwali, ke ce za ki koya min inda ake sa katako? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ki je ki koya wa kakarki tashi, ki bar min kujerata!"

Malama ta ce, "Baba, doka."

"Dokar da za ta sa ɗan jiya ya tsefe ni, ku riƙe abarku."

Yarinyar ta zamo gaba da ƙyar ta fito daga kujerar. Idonta ya kawo ruwa, amma ba ta bari ya zubo ba. Ta rusuna ta ce, "Allah ya ba da haƙuri, Baba." Ta koma bayan aji ta sunkuyar da kai.

Malama ta ce, "Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba."

Ya ɗora kujerarsa a ka, ya sauka benen shi kaɗai, ba wanda ya miƙo hannu. Tun a kan matakala ya ji wani abu ya soke shi game da zancen kakar nan, amma magana zarar bunu ce, kuma girman kai ba ya barin mai shi ya waiwaya.

A gida Innar yara ta yaba ƙwarai. Ta shafa hannun kujerar, ta sa masa albarka, ta zauna. Da za ta tashi ta miƙo masa hannu tana murmushi, ya jawo ta, ya ɗauka wasa ne irin na tsofaffin ma'aurata. Washegari ta koma bakin gadonta. Jibi ma haka. Ran Asabar da safe abin ya ci shi.

"Kwana tara ina fama, na sa katakon da na hana kowa, ke kuma kina nan maƙale a bakin gado kamar baƙuwa? Ko ke ma kin ga aibinta ne?"

Ta ce, "Wane aibi, Malam? Bari in ɗora tukunya, yanzu zan zauna."

Ta ɗora tukunyarta a murhun gawayi a bakin ƙofa, ta dawo tana dafa bango, ta zauna cikin kujerar a gabansa. Ya gyaɗa kai, ya ja ƙofa, ya tafi shago.

Sai bayan la'asar ya dawo. Tun daga zaure warin ƙauri ya tare shi. Gawayin ya cinye ya mutu, tukunyar ta yi baƙi ƙirin. Ya tura ƙofar ɗaki, ga Innar yara inda ya bar ta. Ɗankwalinta ya zame, gumi ya bushe mata a wuya. Wayarta na kan gado, taku uku tsakaninsu, tana kallonta tun hantsi. Ta yi ta kiran maƙwabciya har murya ta dushe, ashe ta tafi asibiti dubiya. Azahar ta wuce ta, la'asar ta wuce ta. Sannan idonsa ya sauka ƙasa, ya ga zaninta, ya ga siminti a ƙarƙashin kujerar. Akwai abin da ɗan Adam ba ya iya riƙewa yini guda, ko da kuwa mace ce mai kamun kai irin wannan, wadda shekara talatin da ɗaya bai taɓa ganin ta a hargitse ba.

Ta kawar da fuska ta ce, "Kar ka duba."

Ya ɗago ta. Nauyinta ya sauka a kafaɗarsa, ƙafafunta sun sandare. Ya kai ta banɗaki, ya kai mata ruwa da wani zani, ya dawo ya ɗauki tsumma ya durƙusa ya goge simintin da hannunsa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya gode mata.

Da ta fito ta rama sallolinta a zaune, ta zauna bakin gado, ta riga shi magana.

"Kujera ba ta da laifi. Ƙafafuna ne."

"Kar ki rufa min asiri. Tun ran farko kin san ba za ki iya tashi ba?"

Ta ce, "Kafin wannan, shekara uku rabona da zama a kan kujerarka, Malam. Duk na gidan nan. Ba ka lura ba ne."

"Me ya hana ki faɗa?"

Ta dube shi, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"Wa ke faɗa maka?"

Washegari ya mayar da kujerar shago, ya rufe ƙofa. Ya so ya kwance ta ya gyara, gam ya ce bai san zance ba. Ya buga da guduma, mahaɗa ko gezau. Ƙwarewar da yake taƙama da ita, ita ce yau ta tsaya masa a gaba. Tun ran gini ran zane. Da bai sa mata gam ba, ɗaga mazauni aikin rabin sa'a ne. Dole ya sa zarto. Ya yanke hannuwan nan masu wuyan agwagwa, ya yanke katakon gaba, ya farke soson. Katakon da ya yi shekaru yana ɓoyo ya koma guntaye a ƙasa.

Ran Laraba ya hau benen da damin katako ɗaure da igiya, da falanki guda, da wata takarda da ya yi zane a kai, layukan duk a karkace kamar sawun kaza. Ba ranarsa ba ce. Malama ta dubi damin, ta dubi fuskarsa, ta ce wa mai ranar ya yi haƙuri ya bari sai an jima.

Ya jera katakon a tsakar aji, ya ɗaure da igiya yadda za ta tsaya, ya ɗora falankin a sama. Abin ya tsaya yana rawa, ba kyan gani, ɗanye shar. Ya ji kamar rigarsa ya tuɓe a kasuwa. Ya je kan ɗan bencin, ya buɗe littafi, ya ciro fensir daga bayan kunne.

Malama ta ce, "Bismillah."

Ba wanda ya motsa. Wannan ya dubi farcensa, wancan ya dubi taga. Dogo ma, da ba a rufe masa baki, ya sa kai a tebur yana wasa da rula. Minti ɗaya, biyu, biyar. Can wata ta ce a hankali, "Ya yi kyau, Baba." Wani ya ce, "E, ya yi."

Nan Kafinta ya gane muryar. Irin ta gidansa ce. Da bakinsa ya koya wa matarsa wannan amsa, ga shi cikin Laraba ɗaya ya koya wa yara goma sha uku.

Ya ɗaga hannu kamar ɗan firamare. Malama ta ce, "Doka ta ce mai aiki ba ya magana." Ta ɗan tsaya. "Amma faɗi."

Ya miƙe, ya cire hularsa ya riƙe. Ba su taɓa ganin sanƙonsa ba.

"Na kai kujerar gida. Mai ɗakina ta zauna tun hantsi, ba ta iya tashi ba sai da na dawo bayan la'asar." Ya haɗiye sauran, don ba nasa ba ne da zai faɗa. Ya juya bayan aji. "'Yata, a gaban mutane na ci mutuncinki, na haɗa da kakarki da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. A gaban mutane nake ba ki haƙuri. Kin fara wata tambaya na katse ki. Ki ƙarasa min."

'Yar Kaka ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ba ni da ta cewa, Baba. Ni aikina kwali ne."

Ya ji ta har ƙashi, ya kuma san ya cancanta. Bai zauna ba, bai mayar da hula ba. Ya tsaya nan, tsoho mai furfura, yana jiran yarinyar da ba ta kai autarsa ba. Malama ba ta cece shi ba.

Da tsayuwar ta yi tsawo har ta fara ba kowa kunya, yarinyar ta taso. Ta zo ta tsuguna gaban falankin, ta girgiza shi.

"Tambayar ita ce, ka taɓa auna ta?"

"Kujerar?"

"Inna. Daga diddigenta zuwa bayan gwiwa inci nawa ne? In tana zaune, gwiwar hannunta a ina take tsayawa?"

Ya buɗe baki. Tsawon ƙofa yana kansa, tsayin tebur, faɗin gado, zurfin kabad, ko cikin barci aka tashe shi zai faɗa. Awon da maigidansa ya ba shi ne yake yi wa kowa kujera da shi, dogo da gajere, mai lafiya da maras lafiya. Amma ƙafar matar da ta haifa masa 'ya'ya biyar, bai sani ba.

Ya ce, "Ban taɓa ba."

Dogo ya ɗago kai. "Baba, shekara nawa da auren?"

"Talatin da ɗaya."

"Malama, a ƙara masa wata shida, wallahi bai gama ba."

Dariya ta ɓalle, har Malama ta rufe baki da littafi. Kafinta ya koma kan bencinsa, kunnuwansa na zafi, ya bar su suka yi ta. Daga nan baki ya buɗe. 'Yar Kaka ta ce a ɗaga mazauni, a daidaita shi, kar ya kwanta baya. Wani ya ce soso mai tauri. Wata ta ce a bar ƙasan gaba a buɗe don ƙafa ta sami wurin komawa. Dogo ya ce zanen takardar kamar kaza ta bi ta kan tawada, kuma gaskiya ya faɗa. Kafinta yana rubutawa da fensirinsa mai kauri, harafi ɗaya-ɗaya, don hannunsa bai saba ba. Sau biyu amsa ta taso masa har maƙogwaro, ya danne ta. Da aka gama ya ce, "Na gode."

Bai biya shago ba. Rana na tsaka ya shiga gida, ya tarar da Innar yara a bakin gado tana gyaran wake a faranti. Ya ciro tef daga aljihu, ya durƙusa a gabanta.

"Subhanallahi! Malam, tashi, kar wani ya shigo ya gan ka."

"Ajiye farantin. Taka ƙasa sosai."

Ya kafa bakin tef a diddigenta, ya ja zuwa bayan gwiwa. Gwiwar ta kumbura fiye da yadda yake zato, da zafi a cikinta kamar an ɗora ta a wuta. Ya rubuta. Ya auna tsayin gadon da take zama, ya ga ya ɗara kujerarsa da inci shida cur. Ya rubuta wannan ma, kansa a ƙasa.

"In za ki tashi, ina kike fara dafawa?"

Ta yi jim tana dubansa, kamar mai gwada ƙarfin ƙasa kafin ta taka.

"Nan, gaba. Hannun ya zo har nan, ya yi faɗi, ya cika tafi. Kuma kar ka shafa masa abin santsin nan."

"To."

"Bayan kuma ya miƙe, wancan yana sa min ciwon ƙugu. Ba wannan kujerar kaɗai ba, har ta falon ma. Tunda ka tambaya, teburin kicin ɗin nan ya yi min ƙasa, in na yi yanka sai na yini ban miƙe ba. Ƙofar kabad kuwa..."

Shafin ya cika, ya juya wani. Gwiwoyinsa suka fara yi masa zafi a kan siminti, bai tashi ba. Ita kuwa ko rabi ba ta kai ba.